Faɗi Ka Mutu, Malam

Ƙanin matata ne ya kawo katin shiga, ya ajiye a kan buzuna yana wani murmushi da ban yarda da shi ba. Wai wasu samari da 'yan mata ne za su yi wasan daɓe ranar Asabar, amma ba irin wanda muka saba ji a bakin su Samanja ba. Wannan rabinsa waƙa ne rabinsa rawa, ko ruwa mutum zai roƙa sai ya rera. Ya ce a Legas abin ya daɗe da karɓuwa, tun 2013 da Bolanle Austen-Peters ta fito da Saro, kuma a Amurka har rayuwar Fela an mayar irin wannan wasa a 2008. "Yaya," in ji shi, "kai da iyakarka Uwar Gulma a takarda, zo ka ga abin da ƙafarsa."

Na ce masa ya ji tsoron Allah. Da ya fita na tura katin ƙarƙashin buzu.

Wanda ba ɗan cikin badalar Kano ba ba zai gane nauyin maganar ba. Ni a Madabo aka yanke mini cibiya, unguwar da ke danganta karatunta da Wangarawan da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Nan ne gidan Muhtasar, nan ake da Babban Malami, nan Malam Muhammadu Salga ya yi karatu kafin ya saɓa da malamansa a kan sadakar mamaci. A irin wannan unguwa, ko ni da karatuna ya tsaya a tsakiyar Risala, nake aikin akawu da rana, ina biya wa yara Ahalari tsakanin magariba da lisha, Malam ake ce mini, har da Allah gafarta. Kuma mu da gidan kallo ba ma shan inuwa ɗaya tun asali. Da aka buɗe silimar Palace a Jakara farkon shekarun 1950, taku kaɗan daga lungunmu, da jifa aka riƙa bin masu shiga. Gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci mutum sama da 300, har gobe tsofaffinmu ba su daina kafa hujja da ita ba, kuma da Palace ta koma asibiti cewa suka yi addu'a ce ta ci.

To amma Malam Aminu Kano fa? Ɗan malamai ne gaba da baya daga Sudawa, kuma tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasannin kwaikwayo. Maitama Sule ma ya yi harkar wasan daɓe yana malamin makaranta, bai hana shi zama Ɗanmasanin Kano ba. Da waɗannan biyu na yi wa kaina fatawa. Ban nemi hujja ta uku ba, don kada ta ɓata mini lissafi.

Ranar Asabar na zuba farar babbar riga, dawowarta ke nan daga wurin masu bugu, na naɗa rawani, na ja amawali har ƙarƙashin ido. Dabarata ita ce duk wanda ya gan ni ya ɗauka wani hakimi ne, ya sunkuyar da kai ya wuce. Na bi ta lungu na ɓulla Jakara, na tari Adaidaita, muka fita bayan badala. Ba zan faɗi sunan ɗakin taron ba, su ma suna da iyali. Ƙofar gaba fitila tar, jama'a maƙil, kuma cikin layin na hango wata ƙeya da na sani. Sai na zagaya baya neman ƙaramar ƙofa, na kuwa samu.

Ina tura ta wani saurayi da takarda a hannu da waya a kunne ya cafke ni. "Haba Malam, haba Malam! Sai yanzu? Kai kaɗai ake jira!" Kafin in buɗe baki ya maƙala mini wani ɗan abu baƙi a wuyan riga, ya danƙa mini sanda, ya leƙa ta ƙasan amawali ya ce, "Kai, wa ya yi maka gemun nan? Ya fi na jiya zama." Gemun da na yi shekaru ina tattalinsa da man zaitun. Ya juya ni, ya sa hannu biyu a gadon bayana ya tura. Ina wucewa na ji wata murya a gefe, cikin natsuwa, baki cike da goro, ta ce, "Wannan ai ba namu ba ne." Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Haske ya dalle ni kamar ɓeran da aka haska da tocila a cikin rumbu. Ban ga kowa a ƙasa ba, duhu ne kawai da tari da ƙamshin turare. A kan daɓen kuwa biki ake. An zana ƙofar gida a jikin ƙyalle, 'yan mata na zaune da shantu, wata na kaɗa ƙwarya, ga samari da kacau-kacau a ƙafa irin na 'yan Koroso da ake gani a Gidan Ɗan Hausa, ga mai sarewa, ga mai kalangu. Ina bayyana komai ya ɗauke ɗif. Duk suka juyo suna kallona cikin tsoron da suka yi wata da watanni suna koyo.

Sai daga baya na san labarin. A wasan akwai wani malami mai zafi da zai faɗo gidan bikin ya tarwatsa kiɗa, su kuma su yi ta lallaɓa shi da waƙa har ya taka rawa. Da ya taka sai a ja labule, an gama kashi na farko. Mai fitowa a malamin kuwa Adaidaitar da ya hau ta mutu a wajen Ƙofar Nasarawa.

Ni dai gaskiya na faɗa. Na ce, "Jama'a ku yi haƙuri, kuskure aka yi." Muryata ta fito ta lasifika ta ko'ina, har na waiga in ga mai kwaikwayona. 'Yan matan suka cafe maganar suka mayar da ita amshi, wai kuskure aka yi, kuskure aka yi, shantu na bi. Na ce, "Ni fa ba ɗan wasa ba ne." Ɗakin ya kwashe da dariya. Na ɗaga sandar don in nuna ba tawa ba ce, samarin suka watse da gudu suna kururuwa, aka yi tafi. Ganin haka na jefa babbar hujjata, wadda ko a caji ofis ba ta taɓa ba ni kunya ba.

"Wallahi ni daga Madabo nake!"

Na zaci za a yi tsit, a nemi gafara, a kawo kujera. Wani daga can baya ya ƙwala, "Sai Malam!" Wata mata ta rangaɗa guɗa.

Na ja da baya-baya zuwa gefen da na fito, sai ga mai muryar ɗazu. Tsoho ne a kan benci, hularsa ta ga duniya, igiyar labule naɗe a hannu, yana tauna goro yana kallona ba tausayi ba mugunta.

"Baba, ja labulen," na ce ƙasa-ƙasa. Lasifika ta sanar da kowa.

"Allah gafarta Malam, ai sai ka taka. Haka aka ce da ni."

"Ba zan taka ba."

"To faɗi ka mutu."

"Na'am?"

"Faɗi ka mutu. Na daɗe a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya mutu a daɓe aka bar shi a nan ba. Ɗauke shi ake yi. Ka dafe ƙirji, ka yi salati, ka kife ta dama. Kar ka kife ta hagu, akwai ƙusa."

"Baba, rigar daga bugu take."

Wannan ma ta fita ta lasifika, kuma an ce duk daren ba maganar da ta tashi ɗakin kamarta. Baba ya dubi rigar sama da ƙasa, ya jinjina kai, ya karɓi uzurina.

"To mutu a tsaye. Sai dai fa ba a cika ganewa ba."

"Baba, don girman Allah."

"Ko ka rufe ido. In ba ka ganinsu, rabin kunyar ta tafi."

"Ɗaya rabin fa?"

"Wannan ta gida ce, da ita za ka koma."

Ana cikin wannan shawara mai kalangu ya taso. Yaro ne siriri, amma ya san abin da ya rataya. Wanda a rediyo ko a fim kawai yake jin kalangu bai san kalangu ba. Tun da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 kunnenmu ya saba da fiyano da muryar da kwamfuta ta sirantar, kiɗan da ke zuwa bakin kunne ya yi sallama ya koma. Na gaske ba ya sallama. Ganga ce mai siririn ƙugu, fata a baki biyu, tsarkiya ta haɗa su. In makaɗi ya matse ta a hammata murya ta hau, in ya saki ta sauka, da haka yake bin hawa da saukar Hausa har ya faɗi abin da yake so bakinsa a rufe. Yaron ya durƙusa a gabana, ya ɗaga kai, ya kaɗa mini maganata. Ni daga Madabo nake. Ba wanda ya rera, kalangun ne ya faɗa, kuma kowa a ɗakin ya ji. Ya sake faɗa a hankali, da ladabi. Ya sake, ya ɗan gutsure ƙarshen. Sannan ya ninka gudu, sarewa ta shigo ta sama, kacau-kacau ta ƙasa, katakon da nake tsaye a kai ya kama rawar ɗari yana aiko mini da saƙo ta tafin ƙafa.

Na dake. Na kafa sanda. Na kama lissafa abubuwan da ke warware alwala a zuci. Ban kai ƙarshensu ba kafaɗata ta dama ta ɗaga.

Ina so a fahimci wannan wurin da kyau, domin a nan masu ba da labari ke zaluntata. Ƙafafuna biyu suna nan inda na ajiye su, akwai shaidu. Ƙugu kuwa Allah ya kiyaye. Kafaɗa ce, ita ma guda ɗaya, ta ɗaga kimanin faɗin yatsa uku, ta ɗan tsaya a sama tana shawara, ta sauko daidai kan bugun da yaron ya ajiye mata. Da a wani wurin ta sauko, da na ce sauro ne. Da ta riga kiɗan ko ta makara, da na ce sanyin ƙashi ne, ga shekaru. Amma ta sauko cif, inda ko wanda ya yi shekara yana koyo sai ya taki sa'a. Kuma da ta sauko, ta sake tashi.

Tashi na biyun ne ya tona asiri. Hannun riga da na saɓa a kafaɗa ya zame, ya ja gefen rawani, amawali ya sauka ƙasan haɓa, fuskata ta fito fili gaban fitila. A daidai lokacin mai fitila ya ga dama ya kunna ta cikin ɗaki, wai don 'yan kallo su tashi su taya rawa. Sai ga sahun gaba. Sai ga mai ƙeyar nan. Dattijo ne da muke sahun farko tare kowace asuba, wanda ya taɓa tsayar da ni a lungu ya yi mini doguwar nasiha a kan ƙarar rediyona. Ya ja hula har gira, ya sa baƙin tabarau da daddare, hannayensa biyu a buɗe, tafi ya zo rabi ya tsaya. Na dube shi. Ya dube ni. Bakinsa ya motsa, ina jin salati yake, ko kuma sunana. Kafaɗar kuwa ba ta san ana yi ba, tana can tana aikinta.

Daga baya na kalli abin a wayar ƙanin matata, wanda ya iya rage wa hoto gudu don mugunta. A hankali ya fi muni. Ana ganin fuskata a murtuke, gira a haɗe, leɓe na motsi da istigfari, fuskar mutumin da ya zo hana ɓarna da gaske. Daga wuya zuwa sama Madabo ce zalla. Sannan a gefe ga kafaɗa tana hawa tana sauka, ba ruwanta da maigidan. Ya mayar baya, ta sake hawa. Ya tsayar da ita a sama, ya faɗaɗa da yatsa biyu. "Yaya, dubi nan, har wata 'yar karkata take yi kafin ta sauka. Wannan ba koyo ba ne, gado ne." Na kore shi. Da kowa ya yi barci na tsaya gaban madubi na umarce ta ta maimaita, in ga ko da sanina take yi. Ta ƙi. Na ɗaga ta da ƙarfi, ta tashi a sandare, ba karkata ba komai. A nan na tuna an taɓa cewa kakata ta wajen uwa 'yar gidan mahauta ce, kalangu kuwa kowa ya san kiɗan mahauta ne. In akwai mai laifi a maganar nan tana kushewa, Allah ya jiƙanta.

Ni a fahimtata ma ba a kiran wannan rawa. Rawa sai da niyya, niyyar da na ƙulla daga gida kuwa ta zama a kujerar baya ce. Ko yaran da nake biya wa Ahalari sun san hukuncin ganganci daban, na rafkanuwa daban. Baba mai labule dai bai tsaya dogon bincike ba. Yana ganin tashi na biyu ya ce, "Alhamdu lillahi, ya taka," ya ja igiya. Kafin labulen ya haɗe wani ya haye daɓen ya manna mini naira 500 a goshi, gumi ya riƙe ta.

Kashi na biyu a bencin Baba na kalle shi, ta baya, don ƙafata ta ƙi ɗaukata. Saboda haka in an tambaye ni yadda wasan yake, ƙeya da dugadugai na gani. Amma yaran sun iya. Amaryar na da murya, ba na'urar da ke taya ta, in ta ja numfashi kana ji, in ta kusa kuka ma kana ji. Waƙar dillaliya ta yi tsawo, an maimaita amshi har mai ƙwarya ta fara hamma. Wanda ya fito a attajirin ango ihu kawai yake, a rage masa lasifika. Mai sarewa kuwa ya fi ƙarfin wasan gaba ɗaya. In suka riƙe kalangu da shantu suka bar fiyano a situdiyo za su yi nisa, in irinmu mun bar su, don ba a manta yadda maganar alƙaryar fim ta Kofa ta mutu a 2016 ba.

Malamin gaske ya iso ana tsakiyar kashi na biyu, gumi sharkaf, gemun auduga a aljihu. Da aka ba shi labari bai damu ba, sai da ya ji irin tafin da aka yi. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce kuɗin goshin nasa ne, tunda matsayinsa aka yi wa liƙi. Na miƙa masa da hagu. Ya karɓa, ya yi jim, ya ce, "Allah gafarta Malam, kafaɗar nan, daga wuya kake fara ta ko daga gwiwar hannu?"

Baba ne ya amsa masa. "Ba a koya. Kai dai ci gaba da wahalar da ƙafarka." Sannan ya ɓantari goro ya miƙo mini. Na ce, "Baba, tun shigowata ka gane ni ba ɗan wasa ba ne, me ya hana ka tsayar da yaron?" Ya ce shi labule aka ba shi, ba a ba shi ƙofa ba. Na ce to yanzu ina mafita, ga wayoyi sun ɗauka, kafin gobe duk Kano ta gani. Ya yi shiru yana tauna, har na fara sa rai.

"Aske gemun," in ji shi. "Ka ce yayanka ne."

"Yayana shi ke jan mu salla in liman ba ya nan."

"To kar ka aske. Ka ce iska ce. Ai iskoki sun fi son kafaɗar dama."

"Baba, ni ake kawo wa masu iska in yi musu tofi."

"Ka ga ashe magani na gida." Ya tofar da tuƙa, ya gyara igiyarsa. "Ni dai a ɗan karatuna, abin da ka yi ƙari ne, ba ragi ba. Ba'adi ce ta kama ka. In ka je gida ka yi ta ka kwanta. In kuma za ka dawo mako mai zuwa, ka zo da tsohuwar riga."

Da asuba na makara da gangan don in samu sahun baya. Ashe dattijon ma dabarar da ya yi ke nan, sai ga mu a bakin ƙofa wajen takalma, kuma kafaɗar daman ce ta faɗo wajensa. Ya ɗan matsa. Bayan an shafa ya miƙo hannu, idonsa na kan tabarma, ya ce, "Malam, ya gajiya?" Na ce, "Gajiya ta bi lafiya, Alhaji. Ya taku gajiyar?" Ya ce, "Da godiya." Daga wajensa ba ni da fargaba. Uwargida ma ba ta ce komai ba, illa in ta kawo tuwo takan tambaya ko ta ba ni a baki ne, a bar hannun dama ya huta.

Fargabata yara ne. Azumi ya ƙarato, daga goma ga wata kuma za su fito tashe lungu-lungu, kafin Nalako ya fito da nasa na gwauraye. Cikin tsofaffin wasannin akwai na malamin nan mai allo da gemun auduga, wanda yara ke tuhuma da rawa yana musantawa. Shekara da shekaru ina ba su gero da 'yan canji a kansa ina dariya. Jiya ƙaramin ɗana ya zo da labari cewa an fara gwaji a wani kango, kuma bana an sabunta. Malamin ba ya motsa komai sai kafaɗa ɗaya, ga wani yaro zaune a gefe da igiya a hannu yana ce masa ya faɗi ya mutu. Na tambaye shi wa ya koya musu. Ya ce kawunsa ne, kuma shi aka zaɓa ya fito a malamin, wai saboda kama.

Iyayen yara na Madabo da kewaye, ku ja musu kunne tun da wuri. Duk wanda ya shigo zaurena da gemun auduga bana ko ƙwayar gero ba zai gani ba, har da na cikin gidan.